Kunne, Ido da Akwatin Ƙungiya: Yadda Rediyo, Fim da Waya Suke Juya Tunaninmu da Kuɗinmu

Wannan babi a karanta shi da ƙarfi a wurin zama, bayan an gama zubi an rufe akwati. Idan lokaci ya ƙure a raba shi zama biyu. Mai karatu ta riƙa tsayawa kowa ta tofa albarkacin bakinta.

Abin da ya sa na rubuta shi

Na daɗe ina zagaya ƙungiyoyin tanadi na mata a ƙauyuka, kuma na ga abubuwan da suke rusa ƙungiya: fari, rashin lafiya, rance da aka ƙi biya. Amma akwai wata ƙungiya da ta kusa watsewa a gabana, kuma abin da ya jawo haka saƙon murya ne na minti biyu a waya.

Wata baiwar Allah ce mai sana'ar ƙuli-ƙuli, ba ta taɓa fashin zubi ba. Ta ɗauki rancen naira 20,000 za ta sayi gyaɗa. A daren ɗanta ya kunna mata wani saƙo a WhatsApp. Muryar mace ce, da Hausa tsantsa, ta fara da sallama da salati, tana cewa akwai wani kamfani da in ka sa kuɗi za su ninka cikin wata ɗaya, ita ma ta ci, shi ya sa take son 'yan uwa su ci. Baiwar Allah ta tura kuɗin gyaɗar. Sati biyu aka turo mata 'yar riba. Da ta ga haka sai ta ja mata uku daga cikin ƙungiyar, su ma suka ɗauki rance suka zuba. Wata bai cika ba lambar ta daina shiga.

Ranar da aka zo biyan rance, mata huɗu babu abin biya. Aka yi cacar baki, wasu suka ce a fasa akwati kowa ta ɗauki nata ta kama gabanta. Da ƙyar dattawan ƙungiyar suka kwantar da ƙurar, aka yi musu sassauci suna biya kaɗan-kaɗan har ƙarshen zango. Na tambaye ta daga baya: "Yaya, me ya sa kika yarda?" Ta ce: "Malama, ai a waya na ji, kuma matar ta yi salati."

Wannan amsar ce ta sa na ga ya kamata littafin ƙungiya ya yi magana a kan kafofin yaɗa labarai. Kuɗin da ke cikin akwati hannu ne yake fitar da shi, amma kunne da ido ne suke ba hannun umarni.

Mene ne kafofin yaɗa labarai?

Duk wata hanya da mutum ɗaya zai yi magana dubbai su ji shi a lokaci guda, ita ce kafar yaɗa labarai: rediyo, talabijin, jarida, fim, allon talla, da wayar hannu mai Facebook, WhatsApp da TikTok. A da can, sanƙira da maroƙi da mai shelar dagaci su ne kafarmu, kuma kowa ya san su, ya san gidansu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, Muryar Amurka ta buɗe sashen Hausa a 1979. Finafinan Hausa na kaset sun kankama a Kano daga 1990. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, tashar Arewa24 kuma ta fara a 2014.

Kun ga ke nan kakanninmu muryoyi kaɗan suke ji, mu kuwa muryoyin sun fi a ƙirga. Ko matar da ba ta da waya ba ta tsira ba, don maigida ko ɗa ko maƙwabciya za su ji su kawo mata har ɗaki. Sau da yawa ma labarin ya fi shiga idan wanda kika yarda da shi ne ya kawo miki, alhali shi ma bai san asalinsa ba.

Hanyoyi huɗu da suke bi su shiga zuciya

Ta farko, maimaici. Abin da kika ji sau ɗaya kina iya mantawa. Wanda kika ji safe da yamma wata guda, sai ya zama kamar tun fil'azal kin san shi. Shi ya sa mai talla yake biyan kuɗi a sa tallarsa kullum, da waƙa mai saurin kama baki, har ki ji yara suna rera ta a tsakar gida. Ranar kasuwa, sunan da kunnenki ya saba da shi, shi bakinki zai kira. Yawan jin abu ba shi ne shaidar ingancinsa ba, shaida ce kawai cewa mai shi yana da kuɗin talla.

Ta biyu, zaɓar mana abin hira. Ku lura da hirar bakin rijiya ko gidan suna. Yawanci abin da aka faɗa a rediyo jiya ne, ko rigimar wasu 'yan fim da aka gani a waya. Ba su tilasta mana ra'ayi ba, amma sun ɗora mana abin da za mu yi magana a kai. Sai a yi sati ana gardama kan auren wata jaruma, famfon unguwa kuwa ya lalace wata uku babu wanda ya ɗaga zancen.

Ta uku, koyi. Ɗan Adam da ido yake koyo. In yarinya ta ga ɗakin amarya a fim, da jeren kujeru da labule har ƙasa, ta gani yau ta gani gobe, sai zuciyarta ta ɗauka haka ɗakin kowace amarya yake, nata ne kawai zai zama abin kunya. Ba ta san gidan aro aka yi don ɗaukar fim ɗin ba, kayan jikin jarumar ma wataƙila mai shago ne ya bayar don a tallata masa.

Ta huɗu, tsoro da kwaɗayi. Labarin da ya tsorata mu ko ya kwaɗaita mana shi ya fi gudu. Masu damfara sun san haka, shi ya sa kullum saƙonsu da gaggawa yake zuwa: "yau ne ƙarshe", "tura wa mutum goma kafin gari ya waye", "za a rufe asusunki". Manhajojin waya kuma an gina su ne su riƙa kawo miki irin abin da kika tsaya kallo. Kika tsaya kan bidiyon kayan ɗaki sau biyu, gobe goma za ki gani. Kamfanonin da talla suke cin abinci, daɗewarki a kan wayar ita ce ribarsu, ke kuma kuɗin datarki yana tafiya.

Alherin da suka kawo mana

Kada wata ta ji wannan ta ce Malama ta ce a fasa rediyo. A'a. Ni kaina da rediyo na tashi, kuma na san alherinta. Mata da yawa a rediyo suka fara jin yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa, da amfanin zuwa awon ciki, da kwana cikin gidan sauro, da shayar da jariri nono zalla wata shida. Shirye-shiryen noma suna faɗin hasashen damina da lokacin shuka. Wasan kwaikwayo mai kyau yakan buɗe maganar da ake jin nauyin yi a gida, kamar karatun 'ya mace ko matsalar yoyon fitsari, sai ka ji mata sun samu bakin magana da mazajensu ta hanyar cewa "ka ji abin da ya faru da wance a shirin jiya?"

Waya kuma ta rage mana wahala. Mai sayar da man gyaɗa tana iya kiran 'yar uwarta a garin kasuwa ta ji farashi kafin ta biya kuɗin mota. Dillali ba zai ƙara yi mata rufa-rufa yadda ya saba ba.

Ko wannan tsarin namu na akwati mai kwaɗo uku, labari ne ya kawo shi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da matan karkara a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, da sunan Mata Masu Dubara. Daga matan Hausa 'yan uwanmu ya bazu zuwa ƙasashe da dama na duniya. To kun ga labari mai kyau ma yana tafiya.

Darussa uku da muka gani da idonmu

Ruwan gishiri, 2014. Cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yuli na shekarar. A watan Agusta, cikin dare ɗaya, saƙo ya zagaye ƙasar nan ta waya cewa a tashi a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha, wai shi ne rigakafi. Da yawa cikinku kun tuna yadda aka riƙa buga waya ana tashin mutane kafin asuba. Babu likitan da ya ba da wannan shawara. Mutane sun kwanta asibiti, an kuma ba da rahoton wasu sun rasu, don gishiri mai yawa haɗari ne, musamman ga mai hawan jini. Cutar kanta a Legas da Fatakwal ta tsaya, a watan Oktoba aka tabbatar an kawar da ita daga Najeriya. Waɗanda suka tura saƙon ba mugaye ba ne. Ƙauna ce ta sa uwa ta kira ɗanta. Amma ƙauna ba ta mai da ƙarya gaskiya.

Rigakafin shan inna, 2003. Magana ta bazu cewa maganin yana hana haihuwa, har aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohin Arewa. Tsoron mutane yana da tushe, don ba a manta da gwajin magani da wani kamfanin waje ya yi wa yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau ba. Amma kafin a dawo da rigakafin a Kano a 2004, cutar ta ƙaru, ta tsallaka wasu ƙasashe, yara sun shanye. Abin lura shi ne yadda aka gyara: sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya mata masu shiga gida-gida, da gidajen rediyo, su suka yi ta bayani shekara da shekaru. A watan Agusta 2020 aka tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar ta asali daga nahiyar Afirka. Hanyar da ta yaɗa tsoro, ita ce aka bi aka yaɗa bayani.

MMM, 2016. Wani tsari ne na intanet da ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata. Babban Bankin Najeriya da hukumar kula da hannayen jari, wato SEC, sun yi gargaɗi, mutane suka toshe kunne saboda suna ganin maƙwabta suna karɓa. A watan Disamba 2016 aka rufe asusun mutane, dukiya mai yawa ta salwanta. Bari mu yi lissafi tare. In da gaske ne, naira 10,000 da ake ƙara mata kashi 30 duk wata, a bar ribar a ciki, za ta haura naira 230,000 a shekara guda. Wace sana'a ce kuka sani mai wannan? Ba kiwo ba, ba noma ba, ba ajiyar hatsi ba. Sirrin shi ne kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi a ce riba ce. Ranar da sababbi suka ragu, ginin ya rushe. 'Yar ribar farko da aka ba mai ƙuli-ƙulinmu tsaba ce aka watsa wa kaza. Sunan tsarin yakan canza duk shekara, amma dabarar ɗaya ce.

Ɓarnar da ba ta ƙara

Damfara kowa yana ganinta in ta faru. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce mai shiga a hankali. Ku tuna bikin auren iyayenmu, ku dubi na yau. Kamu da sa lalle da walima mun gada. Yanzu an ƙara anko kala-kala, da kwalliyar amarya ta kuɗi, da ɗaukar hoto kafin biki, da liyafar dare. Ba a ƙauyenmu aka ƙirƙiro yawancinsu ba, a fim da waya aka gani.

Sau nawa na zauna ranar rabo na ga mace ta karɓi abin da ta tara wata goma sha biyu, na dawo bayan wata ɗaya babu ko sisi, an yi bikin kwana uku? Akuyar da za ta haihu an sayar, jarin ya tafi, ga bashin mai kujeru. Ban ce kada a yi wa 'ya kayan ɗaki ba, wannan mutuncin uwa ne kuma haƙƙin 'ya. Cewa nake, daidai ruwa daidai tsaki. Kafin ki ɗauki rance don biki, tambayi kanki: wannan abin al'adarmu ce ko addininmu ya ce a yi, ko kuwa a waya na gani? Amaryar da aka kai da gado da tukwane da tunkiya biyu da keken ɗinki ta fi wadda aka kai da kujerun bashi kwanciyar hankali.

Haka tallar magunguna. Za ki ji mai magani ɗaya yana warkar da basir da sanyi da ciwon suga da rashin haihuwa duk a kwalba guda. Ki sani, shi ya sayi lokacin da yake magana a ciki, kamar yadda ake kama rumfa a kasuwa. Jin sa a rediyo ba ya nufin gidan rediyon ya gwada maganin. Haka man shafawa mai sauya launin fata da magungunan ƙara ƙiba da ake tallatawa a waya: sun fara sa mace ta raina halittarta, sannan su sayar mata da abin da zai iya lalata fata da ƙoda. Duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kaya, sannan ki tambayi ma'aikaciyar lafiya kafin ki sha ko ki shafa.

Tambayoyi biyar kafin ki yarda, ki tura, ko ki biya

1. Wa ya faɗa? Yana da suna da wurin da za a same shi, ko "an ce" ne kawai?
2. Me zai samu in na yarda? Kuɗina, ƙuri'ata, ko lambar asusuna?
3. Labari ne ko talla? In akwai lambar waya da farashi a ƙarshe, talla ce.
4. Wata kafa da na sani ta faɗi haka? Babban labari ba ya ɓuya a waya ɗaya. Jira labaran yamma ki ji.
5. Me ya sa ake gaggauta ni? Gaskiya ba ta tsoron a kwana a kanta.

Ku kuma sani, yanzu ana iya haɗa hoto da murya da na'ura, a sa fuskar malami ko basarake yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Ana kuma ɗauko tsohon bidiyon wata ƙasa a ce jiya ne a garin kaza. Da muna cewa gani ya kori ji, yau gani a waya shi ma sai an bincika. Addini ma ya riga ya umarce mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi, ku tambayi malamanku bayanin aya ta 6 a Suratul Hujurat.

Dokokin da nake ba ƙungiya shawara ta ɗauka

Ku tattauna, abin da kuka amince da shi sakatariya ta rubuta a cikin dokokin ƙungiya.

• Ba a fitar da kuɗin akwati a sa a wani tsari da aka ji a waya ko rediyo. Duk shawarar da ta shafi kuɗin ƙungiya sai a gaban taro, kuma a bar ta ta kwana har zama na gaba.
• Mai neman rance ta faɗi abin da za ta yi da shi. In ta canza niyya, ta dawo ta sanar kafin ta kashe.
• Ba a ba kowa lambar sirri ta kati, ko lambar da banki ya turo a saƙo, ko da ya ce daga banki yake kira. Banki ba ya tambayar su ta waya. Lambar BVN da NIN ma ba a karanta wa baƙo.
• Duk tallafin da aka ce sai kin biya kuɗin fom ko kuɗin rajista ta waya, a tambayi jami'ar ƙungiya ko mai unguwa tukuna.
• Ba a sa hoton akwati ko kuɗin rabo a waya, ba a kuma faɗin ranar rabo a waje. Ɓarawo ma yana da waya.
• A ware minti goma a kowane zama na "me muka ji a wannan sati?" Kowa ta kawo abin da ta ji, a auna shi da tambayoyin nan biyar.
• Wadda aka damfara kada a yi mata dariya. Kunya ce take sa mace ta yi shiru har a cuci ta kusa da ita.

Mu ma muna da baki

Kada mu tsaya a masu saurare kawai. Gidajen rediyo da yawa suna da shirin da ake buga waya kai tsaye. Ƙungiya tana iya zama ta shirya maganarta, ta zaɓi mai baki ɗaya, a kira a faɗi cewa asibitinmu babu ungozoma, ko gadarmu ta karye ba ma iya kai kaya kasuwa. A faɗi abin da aka gani da ido, ba zagi, ba ƙari. Mai sabulu ko man gyaɗa ko tabarma tana iya sa 'yarta ta ɗauki hoton kayan ta tura wa dangi na birni. A gida kuma mu riƙa zama da yara muna kallo tare, muna tambayarsu: "Kana ganin wannan gaskiya ne? Wa ya biya aka yi shi?" Yaron da ya saba da wannan tambayar, shi ne gobe zai hana uwarsa tura kuɗin gyaɗa.

Ita baiwar Allah da na ba ku labarinta ta gama biyan bashinta, ta koma sana'arta. Yanzu in aka kunna saƙo a wurin zama, ita ce take fara cewa: "To, wa ya faɗa?"

Tambayoyin tattaunawa

1. Wane abu mai amfani kika koya a rediyo ko waya wanda kike aiki da shi har yau?
2. Wane labari kika taɓa yarda da shi daga baya ya zama ƙarya? Ta bakin wa ya iso gare ki?
3. A bikin ƙarshe da aka yi a garin nan, waɗanne abubuwa ne iyayenmu ba su sani ba, kuma nawa suka ci?
4. Wace matsala ce ta garinmu ya kamata mu kai gidan rediyo, kuma wa za ta yi magana a madadinmu?

Allah ya sa albarka a zubinmu, ya tsare mana guminmu, ya kai mu ranar rabo lafiya. Amin.